Lemon mangwaro da abarba mai madara da gas: yadda nake haɗa shi a gida

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa saukar ruwan farko, duk mazaunin Zariya ya san halin da ake ciki. Kafin azahar ɗaki ya gama ɗaukar zafi, ruwan tanki kuwa kamar an sauke shi daga kan murhu. Cikin ikon Allah, a daidai wannan lokacin ne mangwaro ke cika gari, ki gan shi tuli a kan baro da tire tun daga Kwangila har Tudun Wada, ga abarba da motoci ke kawowa daga kudu ana saukewa a kasuwar Sabon Gari. A irin waɗannan ranakun nake yawan haɗa wa iyalina wannan lemo: ruwan mangwaro da abarba a ƙasa, ruwa mai gas a tsakiya, madara mai sanyi a sama. Yara suna son sa saboda kumfar da ke tashi, manya kuma saboda ba ya gundura kamar lemon kwalba zalla.

Kayan haɗin ba su da yawa, kuma babu wanda za ki nema ki rasa a garin nan. Inda ake samun matsala shi ne madara da 'ya'yan itace masu tsami ba sa jituwa sai an bi da su a hankali, gas kuma ba ya jiran kowa. Don haka abin da zan fi tsayawa a kai shi ne dafa abarba, sanyaya komai, da kuma wanne ake fara zubawa.

Ranar da na fara gwadawa, 'yan uwan maigida ne za su zo mana yini. Da hantsi na markaɗa ɗanyar abarba da mangwaro, na juye madarar gwangwani a ciki, na ɗanɗana na ji daɗi, na sa a firji na ci gaba da girki. Bayan la'asar na ɗauko, sai na tarar ya tsinke, ruwa a ƙasa, gudaji-gudaji a sama, ga wani ɗaci da ke tsayawa a maƙogwaro. Babbar yayarsa ce ta leƙo madafa ta same ni riƙe da jog. Ta ɗanɗana da cokali, ta ce, "Amarya, ɗanya kika sa abarbar ko? Ai ba a haɗa ta da madara sai ta ga wuta." Raina ya sosu a ranar, don na yi asarar madara gwangwani uku, amma maganarta ce ta buɗe mini hanyar da nake bi har yau.

Abin da za ki tanada

Ni da gwangwanin madarar ruwa nake awo, ƙaramin nan irin na Peak ko Three Crowns, domin kowane gida akwai shi. Ki wanke guda ɗaya ki ajiye. Wannan awon zai ba ki tambulan 8 zuwa 10:

Abarba nunanniya, yankakkiya ƙanana, gwangwani 3. Rabin matsakaiciyar abarba ya isa.
Tsokar mangwaro, gwangwani 3, wato kamar manyan mangwaro 3.
Siga gwangwani 1.
Ruwa gwangwani 1 da rabi.
Ɗanyar citta kamar girman babban yatsa.
Rabin lemun tsami, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su tsunkulo.
Madarar ruwa gwangwani 2, ko gwangwani 1 tare da madarar kwakwa ɗaya.
Ruwa mai gas, kimanin lita ɗaya da rabi.
Ƙanƙara mai tsabta.

Sai tukunya, blanda, rariya mai ƙananan ido, da kwalba ko roba mai murfi.

Bari in yi bayani a kan ruwa mai gas, don na taɓa jin an rikice. Shi ne wanda ake rubuta wa soda a jikin kwalba, ruwa ne kawai da aka matsa wa iskar kabon dayokzayid, ba shi da zaƙi. Ana samun na Schweppes a manyan shagunan Sabon Gari da Samaru. Sunan ma na wani mutum ne, Jacob Schweppe, wanda ya fara sayar da irin wannan ruwa a birnin Janiba a 1783. Wannan ruwa ba shi da wata alaƙa da sodar da ake haɗa sabulu da ita, wadda guba ce mai ƙona baki da hanji. Idan za ki aiki yaro, ki rubuta masa sunan, ko ki ba shi tsohuwar kwalba ya nuna. Akwai masu zuba bekin soda a ruwan lemun tsami don ya yi kumfa. Zai yi, amma kumfar ba ta minti ɗaya, ga ɗanɗanon kanwa-kanwa da yake bari. Ban ba ki shawarar haka ba.

Idan ba ki samu marar zaƙin ba, Sprite ko 7Up za su yi aiki. Sai dai su da sigansu suka zo, don haka ki rage sigan dahuwa zuwa rabin gwangwani ko ƙasa da haka, lemun tsamin kuma ki bar shi gaba ɗaya.

Zaɓen mangwaro da abarba

Lemon nan ba ya wuce darajar 'ya'yan itacen da aka yi shi da su. Mangwaron da nake nema shi ne mai tsoka, marar zare, irin su Binta siga, Julie ko Peter. Ƙananan nan masu zare da yara ke tsotsa suna da zaƙi da ƙamshi, kuma sun fi araha, amma sai kin yi haƙurin matsewa da tacewa sau biyu. Wanda nake gudu shi ne mai warin kananzir, don madara tana ƙara fito da warin.

Ki sunsuna wajen gindin, inda aka tsinko shi. Nunannen mangwaro ƙamshinsa a nan yake. Ki ɗan danna da yatsa, ya lotsa kaɗan ya dawo. Idan kika ga bawo ya yi rawaya fes ko'ina amma jikin da tauri, babu ƙamshi, ki yi hattara da shi. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan masu nunar da 'ya'yan itace da sinadarin kabayid, kuma irin wannan ko an yanka sai ki ji tsami ko lami. Ni akwai dattijon da nake saye a wajensa shekara da shekaru. In na ce na lemo nake so, sai ya ware mini gefe guda ya ce, "Hajiya, waɗannan na yau ne, kada su kwana. Waɗancan sai jibi." Samun mai gaya miki gaskiya irin haka ya fi ragin naira ɗari.

Abarba kuwa ki ɗaga ta ki ji nauyi, ki sunsuna ƙasanta. Ƙamshi mai daɗi alamar nuna ne. In kin ji tsami-tsami kamar abin da ya fara lalacewa, ko kika ga ruwa na tsatsafowa, ta wuce. Ki sani kuma abarba ba ta ƙara zaƙi bayan an yanko ta daga gona, laushi kawai take yi, don haka ajiye ɗanya kwana huɗu ba zai gyara ta ba.

Da kin dawo gida ki wanke su tas kafin wuƙa ta taɓa su. Ƙurar hanya da hannun mutane duk suna kan bawon, wuƙa kuma ita ke shigar da su ciki. Ƙaron da ke gindin mangwaro yana sa wa wasu ƙaiƙayi a leɓe, shi ma wanki ke fitar da shi.

Mataki na farko: dafa abarba

Ki fere abarba, ki ƙwaƙule idanun nan masu ƙaya, ki yanka ƙanana. Zuciyar tsakiya mai tauri kada ki yar, ki yayyanka ta siriri ta shiga tukunya, rariya za ta tare ta daga baya. Ki kankare citta ki daddaka ta kaɗan. Ki zuba abarba, citta, siga, ruwa da gishirin a tukunya, ki ɗora a matsakaiciyar wuta kina juyawa har sigan ya narke. In ya tafasa ki rage wuta, ki bar shi yana ɓararraka a hankali minti 12 zuwa 15, tukunya a buɗe.

Ga dalilin dahuwar. A cikin ɗanyar abarba akwai wani sinadari, buromelin, wanda aikinsa farfasa furotin. Shi ne ke sa harshe ya yi zafi-zafi in an sha abarba da yawa. In ya haɗu da madara sai ya shiga yanka furotin ɗinta, ta guntse, sannan ɗaci ya biyo baya, kuma yana ƙaruwa ne da daɗewa. Shi ya sa nawa na farko ya yi daɗi da hantsi, ya lalace da la'asar. Abin ba baƙo ba ne a wajenmu: haka matan Fulani ke sa tumfafiya a madara ta daskare ta zama cuku, haka kuma ake naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya yi laushi. Wuta tana kashe wannan sinadari, sanyin firji kuwa rage masa gudu kawai yake yi. Gwanda ma tana da irin nata, don haka in da ita za ki yi, ita ma sai ta dahu. Abarbar gwangwani da ruwan abarba na kwali an riga an dafa su a masana'anta, ba su da wannan matsalar.

Za ki gane ta yi idan yankan abarbar ya canza daga fari-fari zuwa rawaya mai sheƙi, ya yi laushin da cokali zai murƙushe shi a jikin tukunya. Ruwan zai ɗan kama bayan cokali. Kada ki bari ya yi kauri kamar zuma, don in ya huce zai ƙara kauri, kuma mai kauri sosai kwanciya yake yi a gindin tambulan ya ƙi haɗuwa sai an juya da ƙarfi, juyawa kuma ita ce ke kashe gas.

Sai ki zuba mangwaron, ki ba shi minti 2 ko 3 kacal ki sauke. Shi ba shi da matsalar abarba, kuma in ya daɗe a wuta ƙamshinsa na tafiya ya koma kamar dafaffen kabewa. Ina ɗan nuna masa wutar ne don abin ya jure ajiya. In a ranar za a shanye duka, kina iya barin sa ɗanye ki haɗa su a blanda.

Mataki na biyu: markaɗe da tacewa

Ki bari ya huce sosai kafin ya shiga blanda. Abu mai zafi a rufaffiyar blanda tururinsa na iya cilla murfi ya ƙona ki. Ki tsame cittar in ba kya son yaji ya fito, ni dai nakan bar rabi. Ki markaɗa har ya yi sumul.

In babu wuta ko babu blanda, ba a fasa ba. Tunda abarbar ta dahu, ludayi ko muciya za su dame ta a cikin tukunya, sai ki murza a rariya da bayan cokali. Ya fi cin lokaci, amma sakamakon ɗaya ne.

Tacewar nan kada ki tsallake ta. Gas yana neman abin da zai maƙale ne ya zama kumfa ya fice, kuma duk wani zare ko tuƙa da ya rage a ciki wurin maƙalewa ne. Lemon da ba a tace ba da kin zuba ruwa mai gas zai taso ya zube a kan tire, bayan minti biyu kuma ya zama salaf. Ki tace a rariya, in mangwaron mai zare ne ki sake tacewa. Tuƙar da ta rage ina zuba wa yara a kan burodi ko cikin kunu, ba a zubarwa.

Yanzu ki matsa rabin lemun tsamin, ki juya, ki ɗanɗana. Ya kamata ki ji zaƙin ya ɗan yi yawa, don ruwa da ƙanƙara za su sassauta shi. Lemun tsamin yana farkar da ɗanɗanon mangwaro, amma ki tsaya a rabin. Tsami shi ne abu na biyu da ke guntse madara, kamar yadda ruwan tsami ke kama waken suya ya zama awara. In abarbar da kika samu mai tsami ce da kanta, ki bar lemun tsamin kawai.

Ki juye a kwalba mai tsabta, busasshiya, ki rufe ki sa a firji aƙalla awa 2.

Mataki na uku: madarar

Mafi sauƙi shi ne madarar ruwa ta gwangwani, ki sa ta a firji tun da safe. Ta fi madarar shanu ta yau da kullum kauri da maiƙo, kuma maiƙon nan yana taimaka mata ta jure ɗan tsamin da ke cikin lemon. Idan madarar gari ce a gidan, ki dama cokalin cin abinci 5 a cikin gwangwani ɗaya na ruwa mai ɗumi wanda aka tafasa, ki tabbata babu gudaji, ki sanyaya. Ki nemi mai cikakken maiƙo. Madara mai kauri mai zaƙi, wadda masu shayi ke amfani da ita a wasu wurare, ita ma tana yi, amma sai ki sirka ta da ruwa kaɗan ki kuma rage sigan dahuwa sosai.

Wanda na fi so shi ne rabi madarar gwangwani, rabi madarar kwakwa. Kwakwa da abarba suna da wata jituwa da sai kin ɗanɗana za ki gane. Ki fasa kwakwa ɗaya, ki ɓanɓare tsokar, ki kankare baƙin bayan in kina son madarar ta fito fara sol. Ki goga ko ki yanka ƙanana ki markaɗa da ruwan ɗumi gwangwani 1 da rabi, sannan ki matse a ƙyalle mai tsabta, irin wanda kike tace kamu da shi. Matsar farko ita ce mai kauri, ita za ki ɗauka. Abu ɗaya da za ki lura: man kwakwa yana daskarewa in ya ji sanyi, sai ki ga fararen ƙwayoyi suna yawo a sama. Ba lalacewa ba ce. Ki haɗa ta da madarar gwangwanin tun da ɗuminta, ki zuba a kwalba, ki girgiza sosai kafin ta shiga firji, ki sake girgizawa lokacin zubawa.

An sha tambayata ko kindirmo zai yi. Ɗanɗanon yana da daɗi, amma kindirmo ya riga ya kama, in ya haɗu da gas sai ya warware ya yi tsaki-tsaki a tambulan. In kindirmo kike sha'awa, ki dama shi da ruwan mangwaron ki sha haka nan ba gas, ya fi kyau.

Sanyi, da maganar ƙanƙara

Ruwa mai sanyi ya fi riƙe gas, wannan kowa ya gani da idonsa: buɗe lemon da ya sha rana, zai yi tsiri ya zube, wanda ya fito daga firji kuwa ɗan huci kawai zai yi. Don haka ruwa mai gas, madara da ruwan 'ya'yan itacen duk su yi sanyi ƙarara kafin a haɗa. In da wuri a firjin, har tambulan ɗin nake sawa.

Na san halin wuta. Ranar da babu, kula ce mafita: ki sayi ƙanƙarar bulo ki farfasa, ki jera kwalaben a ciki ki rufe, awa ɗaya ta isa. Amma ki bambanta ƙanƙarar sanyaya kwalba da wadda za ta shiga ciki. Ta bulo ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, ba ki san inda aka ja ta ba, don haka aikinta a wajen kwalba ne. Wadda za a sha ki yi ta da kanki da tafasasshen ruwa, ko ki sayi fiya wata da ya daskare, ki wanke ledar, ki fasa shi a cikinta kafin ki yanka. A lokacin zafi da farkon damina ne ciwon ciki da gudawa ke yawa, kuma sau da yawa ta ruwa suke shigowa.

Wata dabara da ke taimaka mini: in wuta ta samu, nakan zuba wani ɓangare na ruwan mangwaron a farantin ƙanƙara ya daskare. In na sa irin wannan a tambulan, yana narkewa yana ƙara ɗanɗano maimakon ya tsinka lemon.

Mataki na huɗu: haɗawa

Sai masu sha sun zauna ake wannan. A tambulan ake haɗawa, ɗaya bayan ɗaya, ba a jog ba.

Ki sa ƙanƙara zuwa rabin tambulan. In daga firiza ta fito kai tsaye, busasshiya mai fari-fari, ki ɗan watsa mata ruwa ta yi santsi, don kaushinta na tayar da kumfa. Ki zuba ruwan mangwaro da abarba cokalin cin abinci 4. Sai ki buɗe ruwa mai gas, ki karkata tambulan ɗin, ki tsiyaya a hankali ta jikin gilashin har ya kai kashi uku cikin huɗu. Kada ki zuba daga sama kamar mai shayi, a nan rabin gas ɗin ke tafiya. Ki sa dogon cokali ki ɗago na ƙasan sau ɗaya ko biyu.

Madara ce ƙarshe, cokali 2, in kina son kauri 3. Ki kifa cokali a saman lemon ki zuba ta bayansa. Za ki ga tana saukowa a hankali tsakanin ƙanƙarar, fari na ratsa rawaya kamar hadari na haɗuwa, kumfa mai laushi kuma ta taru a sama. Ƙaramar 'yata ba ta yarda a juya mata, sai ta ɗora haɓa a kan tebur ta kalli saukar madarar har ta kai ƙasa tukuna.

Dalilin sa madara a ƙarshe shi ne a lokacin ruwa ya riga ya sirka tsamin, sanyi kuma ya kama ko'ina. In kika zuba madara kai tsaye a kan ruwan 'ya'yan itacen, ta haɗu da tsamin da ƙarfinsa ke nan. In kuma madarar ce a ƙasa kika zuba gas a kanta, kumfa za ta cika tambulan kafin ruwan ya kai rabi. Shi kansa ruwa mai gas yana da ɗan tsami, don haka ko an bi komai daidai, in lemon ya zauna minti 15 ko 20 za ki fara ganin ƙananan ɗigo a jikin gilashi. Ba zai cutar ba, amma kyansa ya tafi. A sha shi nan take.

Kwalbar da kika buɗe ki mayar da murfinta da sauri ki koma da ita cikin sanyi. Ƙananan kwalabe sun fi babba ɗaya amfani a nan, don duk buɗewa gas na raguwa. Ta roba mai rabin lita tana yin tambulan 3.

In an samu matsala

Ya guntse nan take: tsami ya yi yawa ko kayan ba su yi sanyi ba. Ki rage ruwan 'ya'yan itacen zuwa cokali 3, ki ƙara sanyi. Ya yi ɗaci: abarbar ba ta dahu ba, ki mayar da sauran kan wuta minti 10. Ya yi salaf ba gas: an juya da yawa, ko kwalbar ta daɗe a buɗe. Ya yi lami: ƙanƙara ta yi yawa, ko mangwaron bai nuna ba, kuma ƙarin siga ba ya gyara wannan, sai dai ɗan ƙarin gishiri da citta su taimaka.

Idan mangwaro ya wuce

Abarba kaɗai da kwakwa suna tsayawa da ƙafarsu, kuma ana samun su kusan duk shekara. Gwaba tana yin lemo mai ƙamshi ƙwarai: ki dafa ta kamar abarba, ki tace da kyau saboda 'ya'yan, kada ki bar blanda ta daɗe har ta farfasa su. Ayaba tana da daɗi da madara amma tana yin kauri ta danne gas, tana kuma baƙi, in za ki sa kada ta wuce ɗaya. Kankana ruwa ce zalla, ba ta son wuta, da madara kuma ba ta burge ni ba. Zoɓo da tsamiya suna kyau da ruwa mai gas, amma tsaminsu ya fi ƙarfin madara, ki sha su haka nan. Mai son rage farin siga na iya jiƙa dabino kamar 10, ta cire ƙwallon ta dafa tare da abarbar. Launin zai ɗan yi duhu, ɗanɗanon kuwa ya ƙara zurfi.

Tunda an zo maganar siga, gara in faɗa. A awon da na bayar, kowane tambulan yana ɗauke da kusan cokalin shayi 4 na sigan da aka zuba, ban da zaƙin 'ya'yan itacen. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce babban mutum kada ya wuce kimanin cokalin shayi 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Don haka tambulan ɗaya ya isa, yara kuma rabi. Mai ciwon siga ya nemi shawarar likitansa, don ko babu farin siga mangwaro da dabino suna da nasu. A watan azumi ba na ba kowa shi alhali babu komai a cikinsa. A fara da dabino da ruwa, a sha kunu, a yi sallah, sannan a kawo. Gas a cikin da ya yini babu komai kumburi yake sa wa, musamman ga mai gyambon ciki.

Ajiya, da yi wa taro

Dafaffen ruwan 'ya'yan itacen yana kwana 4 zuwa 5 a firjin da wutarsa ke tsayawa. In wutar tana zuwa tana tafiya, ki ɗauka na yau da gobe ne kawai. Da kin ga ƙananan kumfa na tasowa da kansu, ko murfi ya yi huci da kika buɗe, ko ƙamshin ya juya, ki zubar. Madarar gwangwani in an fasa a juye ta a kwalba mai murfi, kada ta kwana a gwangwanin. Madarar kwakwa ta gida ba ta da haƙuri ko kaɗan, ranar da aka yi ta ake gamawa da ita. A zafin Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 35, duk abin da ke da madara kada ya wuce awa ɗaya a waje ba sanyi.

In suna ne ko walima ko baƙin Sallah, ki ninka awon yadda kike so, ki dafa tun jiya da daddare. Ranar taron ki jera kula uku ko ɗaya babba: ruwan 'ya'yan itace, madara, da kwalaben gas. Ki sa mutum biyu a kai, ɗaya na zuba ƙanƙara da ruwan mangwaro, ɗaya na bi da gas da madara, mai rabawa na ɗauka nan take. Kada ki haɗa duka ki ɗura a robobi ki rufe kamar yadda ake yi wa zoɓo ko kunun aya. Madarar za ta guntse kafin a kai ga rabawa, robar kuma in ta ji zafi tana iya kumbura ta yi feshi a jikin mai buɗewa. In dole sai an kai wani gida, ki aika da kayan daban-daban a cikin kula, ki rubuta musu awon a 'yar takarda: cokali 4 na rawaya, gas zuwa kashi uku cikin huɗu, cokali 2 na fari a ƙarshe.